Bakwaini a Kwalba, Uwa a Bakin Ƙofa



Duk mun san yadda haihuwa take a unguwar nan. Kafin mai jego ta dawo daga asibiti, labari ya riga ta isowa. Mata sun fara shiga barka, an ɗora tukunyar ruwan wanka, an buga waya Kano ko Katsina ko Sakkwato an shaida wa iyaye. Maigida yana tsaye a ƙofar masallaci ana miƙa masa hannu, shi kuma yana lissafin rago da goro a zuci. Amma ranar da aka ce wance ta sauka, sai dai bakwaini ne, an sa shi a kwalba, sai ka ji unguwa ta yi tsit. Mai niyyar shiga barka ta ninke mayafinta ta ajiye. Wanda ya gamu da uban a hanya sai ya ce, "Malam, ya mai jiki?" ya tsallake jaririn kamar ba a haife shi ba. Wata tsohuwa ma har ta fara ta'aziyya: "Ai in ruwa ya zube ya bar tulu, an gode Allah." Alhali ruwan bai zube ba. Yana can yana numfashi, yana motsa 'yan yatsunsa.

Ba mugunta ke sa mu haka ba, mun sani. Tsoro ne. Muna gudun mu yi guɗa yau, gobe a kira mu jana'iza. Kuma wannan tsoron namu shi muke shafa wa iyayen yaron, har uwa ta tsaya nesa da ɗanta tana jira ta ga yadda Allah zai yi da shi. To tambayar da muke so mu zauna a kanta a wannan fitowar ita ce: ya dace mutum ya janye zuciyarsa da hannunsa daga ɗan da bai tabbata zai rayu ba, don kada rashinsa ya yi masa ciwo? Ko kuwa jaririn nan da bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba yana da haƙƙi a kanmu tun ranar farko, ko da kwana uku aka rubuta masa a duniya?

Mu fara da yi wa kakanninmu adalci, don ba daga sama wannan ja da baya ya faɗo ba. Matan da suka haife mu sun binne 'ya'ya da yawa. Mace ta haifi goma ta yaye huɗu ba abin mamaki ba ne a zamaninsu. Wadda take wabi, 'ya'yanta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in ta sake haihuwa sai a laƙaba wa abin da ta haifa suna irin su Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. Zuciyar da ta sha duka ita ta koyi irin wannan kare kai. Duk da haka, tsofaffin nan ba su yar da bakwaini ba. Suna ba mu labarin yadda ake naɗe shi a auduga, a killace shi a ɗaki mai ɗumi, a hana kowa shiga sai mai kula da shi. Bakinsu yana cewa ba a damu ba, hannunsu yana aiki dare da rana. Mu kuwa mun gaji maganar bakin, mun bar aikin hannun, muka ce ai yanzu na likita ne.

Sannan mu da muke zaune a nan ƙasar Yarbawa muna da wani nauyi na daban. Sabon Ibadan ta haura shekara 100 da kafuwa, tun 1916 take, kuma da yawanmu nan aka binne cibiyarmu. Amma har gobe ana kawo mana amare daga Arewa, yarinya ta zo ba Yarbanci, ba Turanci. A gida, mai cikin fari takan koma gaban iyayenta ta haihu, ta yi wanka, uwa da kaka suna kanta. A nan, in naƙuda ta zo mata ba zato a wata na bakwai, uwarta tana tafiyar yini guda cur a mota, in ma an sami kuɗin motar. Sai ta tsinci kanta a wani ɗaki mai fitilu da na'urori masu ƙara, mutane cikin fararen kaya suna magana da harshen da ba ta ji, ɗanta kuma yana cikin akwatin gilashi da roba a hanci. Wace ce ba za ta tsorata ba? Ko mu da muke cika baki a majalisa, a kai mu wurin mu gani.

Akwai wata yarinya a layinmu da wannan ya faru da ita. Aurenta na fari, haihuwarta ta fari, shekararta ɗaya da zuwa garin nan. Ta haifi 'ya mace wadda ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Kwana uku tana zaune a kan benci a barandar ɗakin jarirai. In ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira ta, sai ta sunkuyar da kai, a zatonta faɗa ake mata. Ƙirjinta ya cika yana mata zogi, ba ta gaya wa kowa ba. Mijin kuwa yana ta zirga-zirga tsakanin kasuwa da kantin magani, a ganinsa aikinsa ya biya kuɗi ne, sauran na likitoci. A rana ta huɗu gwaggon mijin ta je, wata dattijuwa haifaffiyar Sabo, mai Yarbanci kamar a bakinta aka ƙirƙiro shi. Ta same ta a kan bencin nan.

"Ke 'yar nan, me kike yi a waje?"

"Gwaggo, tsoro nake ji. In na taɓa ta wani abu ya tsinke fa?"

"To wa kike so ya taɓa miki ita?"

Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Kuma Gwaggo, ta fari ce. Da kunya."

"Kunyar nan ki bar ta a gida. In kun koma kya ɗauki abarki. Tashi mu shiga."

Da suka shiga Gwaggo ta yi magana da ma'aikaciyar, sai ga shi ashe kwana ukun nan ba faɗa ake yi ba. Roƙon yarinyar ake ta zo ta tatsi nono a ba 'yarta, don shi ne abin da jaririyar ta fi buƙata, kuma babu kantin da ake sayar da shi.

Wannan shi ya kawo mu kan abin da ya kamata kowane gida ya sani. Bakwaini a wurin likitoci shi ne duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Ba abu ne da ya keɓanta da wani gida ko wata mace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a duniya, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Abubuwan da suka fi yi wa bakwaini barazana sanannu ne. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, sanyi kaɗan sai ya kayar da shi. Huhunsa bai gama nuna ba, wani lokaci ma yakan ɗauke numfashi na ɗan lokaci kamar ya manta. Bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba sai ciki ya kai wajen mako 32 zuwa 34, shi ya sa ake ba shi nono ta siririyar roba ko ɗan ƙaramin kofi. Ga shi kuma ƙwayoyin cuta ba sa shan wahalar kama shi. Ɗumi, abinci, numfashi, tsabta. A cikin huɗun nan, babu ko ɗaya da uwa ba ta da hannu a ciki.

A shekarar 1978, a wani babban asibitin haihuwa da ke birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kwalabe sun yi kaɗan, har ana haɗa jarirai biyu ko uku a guda ɗaya, cuta tana yaɗuwa a tsakaninsu, wasu iyaye ma suna tafiya su bar nasu. Sai wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya fara ɗora jariran a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a tsaye tsakanin nonuwa, a ɗaure da zane. Aka kira abin goyon kangaru, saboda wata dabba ta ƙasar Ostireliya da ke renon ɗanta a cikin wata jaka da ke jikinta. Mu da muka tashi a bayan iyayenmu cikin zane da majanyi, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Goyo ne aka juyo da shi gaba, aka cire rigar da ke tsakani. Jikin uwa yana ɗumama yaro, nono yana kusa kuma yana ƙara zuwa, numfashinsa yana daidaita.

Shekaru da yawa likitoci suna jira sai jariri ya ɗan murmure a kwalba kafin a ɗora wa uwa shi. Daga baya aka yi wani babban bincike a asibitoci biyar na ƙasashe biyar: Indiya, Tanzaniya, Malawi, Gana da Najeriya. Na Gana a Kumasi aka yi. Namu kuwa nan kusa da mu ne, a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Ibadan. An duba jarirai sama da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Wasu aka fara musu goyon ƙirji tun daga haihuwa, an sa wa iyayensu gado a cikin ɗakin jinyar jarirai, in uwa ta gaji wata 'yar'uwa ta karɓe ta. Wasu kuma aka jira sai sun murmure kamar yadda aka saba. Da sakamako ya fito a 2021, sai aka ga a cikin kowane 100 na waɗanda aka jira, kusan 16 sun rasu kafin kwana 28. A waɗanda aka ɗora wa iyaye tun farko kuwa, 12 ne. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, ta ce a fara goyon nan da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a rana, sai dai jaririn da rashin lafiyarsa ya yi tsanani, kamar wanda na'ura ce ke yi masa numfashi.

Mu tsaya mu dubi abin da wannan yake nufi ga tambayarmu. Da a ce tsayuwar uwa a bakin ƙofa ba ta ƙara wa jariri komai kuma ba ta rage masa komai, da sai mu ce a ƙyale ta ta kare zuciyarta, ba wanda ta cuta. Amma ga shi an nuna mana cewa kusancinta yana cikin maganin. Ashe kenan in mun ja baya muna jiran mu ga ko zai rayu, mun ɗauke masa ɗaya daga cikin abubuwan da yake rayuwa da su. Muna cewa mun bar wa Allah, alhali mun ajiye sababin da Allah ya danƙa a hannunmu. Babu ɗan kasuwar Sabo da zai ɗora goro a mota ya ƙi rufe shi da ganye ya ce ya dogara ga Allah. Ya san tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure huhu tamau. Me ya sa za mu yi wa goro abin da ba mu yi wa ɗa ba?

Kunya kuma ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Ita ta sa muka bambanta a garin mutane, muna alfahari da ita. Sai dai kowace kyakkyawar ɗabi'a an yi ta ne don ta tsare wani abu. Kunyar ɗan fari tana tsare girman iyaye da surukai, tana koya wa yarinya kada ta yi rawar kai da abin da Allah ya ba ta. Ranar da ta zama dalilin hana jariri ɗumi da nono, ta bar aikinta ta kama wani. Wace suruka ce za ta ce an raina ta don matar ɗanta ta rungume jikanta a asibiti?

Addininmu ma bai san rabin mutum ba. Malamai tun zamanin sahabbai sun fahimta daga Alƙur'ani cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, don haka ɗan wata bakwai ɗa ne cikakke, ba abin zargi ko tsegumi ba. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, jaririn da ya faɗo ya yi kuka yana gado, a gaje shi, in ya rasu a yi masa wanka a sallace shi. Ba a ce sai an ɗora shi a sikeli ba. Kuma mun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raɗa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi, yana tattaki har gefen Madina inda ake shayar da shi, ya ɗauke shi ya sumbace shi. Da yaron ya zo rasuwa bai kai shekara biyu ba, a hannunsa yake, idanunsa suna zubar da hawaye. Ya riga ya binne 'ya'ya kafin wannan, ya san zafin abin, amma hakan bai sa ya rage wa Ibrahim ƙauna don gudun ciwo ba.

Mun san abin da wani zai ce: "To in ta rungume shi, ta saba da shi, ya zo ya mutu fa? Ba kun ƙara mata ciwo ba?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba za mu amsa ta da ƙarya ba. Wasu bakwainin suna rasuwa duk da an yi musu komai. Ko a binciken can, 12 cikin 100 sun tafi. A ɗakin da yarinyar layinmu ta yi jinya, akwai wata mata da ta yi goyo dare da rana, ta tatsi nono har hannunta ya gaji, ɗanta bai yi kwana goma ba. Ƙwarin gwiwar da muke magana a kai ba alƙawarin rai ba ne, babu mahalukin da ke da wannan alƙawarin. Abin da muke nufi shi ne uwa ta san abin da ke hannunta, ta iya shi, ta yi shi. Sannan ku tambayi matan da suka rasa jarirai, ko bayan shekara 30 ne. Ba mu taɓa jin wadda ta ce ta yi nadamar rungumar ɗanta ba. Wadda muka ji tana kuka da tsufanta ita ce mai cewa, "Ko fuskarsa ban gani ba, aka ce kada in duba." Ciwon rashi zai zo ko an riƙe ko ba a riƙe ba. Wanda ake iya kauce wa shi ne ciwon da na sani.

Wani kuma zai ce muna ɗora wa yarinya mai ɗanyen jego kayan da ya fi ƙarfinta, kuma in abin ya ɓaci ita za a zarga. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, musamman a unguwar da bakinmu bai da linzami. "Ai aikin da take yi ne ya jawo." "Ai danginsu haka suke." Sau da yawa likitoci kansu ba sa gano dalilin da ya sa naƙuda ta zo da wuri. Wani lokaci hawan jini ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tagwaye, ko wata cuta da ba a ji ba. Macen da aka cika wa kunne da cewa jikinta ne ya gaza riƙe ɗa, ta yaya za ta yarda cewa jikin nan nata shi ne maganinsa? Don haka in muna son ta ɗauki kayan, wajibi ne mu sauke mata na zargi, mu kuma kama mata gefe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙwarin gwiwa kuwa ba a ɗura wa mutum shi da lallami. Ko ka ce wa uwa "kada ki ji tsoro" sau ɗari, tsoron yana nan. A hannu yake shiga, kaɗan-kaɗan. Yarinyar nan ranar farko abin da ta yi kawai shi ne ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zura shi ta ƙofar kwalba, ta ɗora tafinta a bayan 'yarta. Washegari aka koya mata tatsa. Da ta ga ɗan abin da ya fito, rawaya-rawaya, bai cika cokali ba, sai ta ji kunya ta so ta zubar, don a garinsu ana cewa dakashi ba shi da kyau. Aka gaya mata cikin jaririyar ma bai fi hakan ba, kuma dakashin nan shi ne rigakafinta na farko, nonon uwa yana kare hanjin bakwaini daga wani mugun ciwo da ke kashe su. Ranar da aka fara ɗora mata ita a ƙirji, daga ita sai hula da safa da ɗan ƙunzugu, ta yi awa guda ba ta motsa ba, gumi yana karyo mata. Bayan mako biyu, ita ce ke nuna wa wata Bayarabiya da ke gadon kusa da ita yadda ake ɗaure zane ya tallafe kan yaro, ba tare da ɗaya tana jin yaren ɗaya ba.

Don haka ga mai jegon da ke karanta wannan, ko wadda ake karanta wa: ki tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Wannan robar ta mece ce? Wannan ƙarar me take nufi? Nawa ta yi a sikeli yau? Yaushe zan fara goyo? In an sa ta a ƙarƙashin shuɗiyar fitila an rufe mata ido, ba azaba ba ce, maganin shawara ne. Ba raini ba ne ki ce ba ki gane ba a sake faɗa miki, 'yarki ce. Ga maigida kuma: Malam, aikinka bai ƙare a wurin biyan kuɗi ba. Ƙirjin namiji ma yana ɗumama jariri, kuma matarka tana buƙatar ta yi barci. Ka yi alwala, ka wanke hannu, ka shiga ka yi masa huɗuba a inda yake kwance, ka raɗa masa suna, a daina ce masa "abin nan". Ragon suna ana iya yanka shi a gida yaro yana asibiti. Amma kada a ɗura masa komai a baki, ko rubutu ko zuma ko ruwa, don wanda bai iya haɗiya ba ɗigo kaɗan yana iya sarƙe shi. Addu'a tana isa inda aka aike ta. A bar maganar wanzami da cire beli. Wankan jego ba zai gudu ba, kada a janye uwa daga jikin ɗanta saboda shi. In an sallamo su, a ci gaba da goyon, a nesanta shi da hayaƙin garwashi da turaren wuta, kada a sa kafur a kayansa. In ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko ya yi rawaya, ko numfashinsa ya sauya, a koma asibiti a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Saura mu, mutanen unguwa. In aka yi rasuwa a Sabo da safe, kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani, an haƙa kabari, an cika gidan da abinci. Wannan alheri ne, Allah ya ƙara. Amma mun sha ganin uba ya sa hannu ya ɗauke bakwaininsa daga asibiti ba don ya warke ba, sai don aljihu ya ƙare, kuma babu wanda ya ji sai da aka kira mu salla. Kuɗin da muka haɗa a ranar nan, da mun haɗa shi mako guda kafin nan, wataƙila da suna muka ci. Abin da ake buƙata a wurinmu bai fi ƙarfinmu ba. Matanmu masu jin Yarbanci da Turanci su san cewa raka baƙuwar amarya ɗakin jarirai sadaka ce babba. Maƙwabta su raba kwana: yau wannan gida ya kai tuwo da kunu, gobe wancan ya riƙe sauran yara, wata 'yar'uwa mai lafiya ta je ta karɓi goyo uwa ta runtsa. Samarinmu su ba da jini in an nema, don irin waɗannan jarirai sukan buƙaci ƙari. Limamai su sanar a masallaci kamar yadda suke sanar da kowace haihuwa. Wadda ta taɓa renon bakwaini ya girma, ta kama hannunsa ta je da shi gaishe da mai jego, ta tsaya a baranda ta ce, "Kin ga wannan ƙaton? Da bai kai naki ba." Babu likitan da zai iya ba uwa abin da wannan ganin zai ba ta. Mai mura ko tari kuma ya yi zumuncinsa daga nesa.

Yarinyar layinmu ta yi mako biyar a asibiti kafin a sallame su. Ranar da suka dawo, Gwaggo ce ta rangaɗa guɗar da aka bi jaririyar bashi tun ranar haihuwa. Da mata suka taru suna so su karɓa, uwar da a da ko kallon 'yarta ba ta iya yi, ita ce ta ce, "Don Allah Inna, ku yi haƙuri ku fara wanke hannu." Wasu suka ce ta yi rashin kunya. Gwaggo ta miƙe ta ɗauko buta da sabulu, ta fara da kanta.

Saboda haka, jama'a, in muka sake jin an ce wance ta sauka amma bakwaini ne, mu ɗauki mayafi mu tafi barka. Mu tambayi uban, "Malam, ya mai jego, ya kuma baƙonmu? Wane suna aka sa masa?" Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda suka riga mu tun suna jarirai kuma ya sa su zama masu ceton iyayensu. Amin.